Hukuncin zinariyar da na'ura ta tono, da narkar da ita

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya ajiye taskokinSa a cikinta, Ya kuma san abin da ke ƙarƙashin turɓaya kamar yadda Ya san abin da ke bisanta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, da wuya a sami gida a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa wanda bai ji labarin Jado ba. A shekarar 2014 aka ga zinariya can cikin hamada, a jihar Agadas, sai samari suka sayar da bisashe, wasu suka jinginar da gonaki, aka hau mota aka nufi arewa. Abin da ya bambanta wannan nema da haƙar da aka sani a Komabangu tun shekarun 1980 shi ne na'urar nan mai kama da sanda da faifai a bakinta, wadda mutum ke lilo da ita bisa fuskar ƙasa, in ta ji ƙarfe a ƙarƙashi sai ta yi masa kuka a kunne. A Sudan aka fara ganin aikinta, ta ratso Cadi ta iso mana, ta wuce har Muritaniya a 2016. Da hukuma ta rufe Jado a 2017, wasu suka koma Cibarakatan kusa da iyakar Aljeriya, wasu kuwa suka komo gida, na'urar tana cikin kayansu.

To, na'ura ba ta san hamada ba, ba ta san gari ba. Duk inda aka zaga da ita kuka take yi. Mutum zai bi da ita filin idi bayan an watse, ko filin kokawa, ko tsohuwar kasuwa, ko bakin gulbi inda mata ke wanki, ko kufan wani gari, sai ya tono zobe, ko ɗan kunne ƙwaya ɗaya, ko guntun sarƙa, ko awarwaro. Ya tara su har su yi nauyi a hannu, sa'an nan ya kai wa maƙeri ya ce a narkar masa, a tace, a zuba masa ita dunƙule guda. A ƙasashen Turai da Amurka wannan ya daɗe da zama abin shaƙatawa ga wasu mutane, suna bin yashin bakin teku suna tsintar zobban da suka suɓuce wa masu wanka. Tambayar da ta wajaba musulmi ya yi kafin a hura wuta ita ce: wannan zinariya ta wane ne, kuma mene ne hukuncin narkar da ita?

Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, malamanmu ba su ɗora hukunci ɗaya a kan duk zinariyar da ta fito daga ƙasa ba. Akwai wadda Allah Ya halitta a cikin ƙasar, hannun ɗan Adam bai taɓa ta ba, ita ake kira ma'adini. A mazhabar Imamu Malik al'amarin ma'adini yana hannun shugaba, shi ke ba da izinin haƙarsa, kuma wanda ya fitar da abin da ya kai nisabi zai ba da ɗaya cikin arba'in ranar da ya tace, ba ya jiran shekara. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yanka wa Bilal ɗan Haris ma'adinan Ƙabaliyya, kuma zakka ake karɓa daga gare su. In kuwa curi ne tsantsa aka ɗauka ba tare da wata babbar wahala ba, wanda malamai ke ce wa nadra, to humusi ake fitarwa, wato ɗaya cikin biyar. Waɗanda suka tsinci curi a Jado da na'ura, su koma ga malamansu da lissafin abin da suka samu da abin da suka kashe, domin da yawa sun ci sun shanye, ko zancen humusin bai taɓa ratsa kunnensu ba.

Akwai kuma rikazi, shi ne dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne tun kafin musulunci, masu ita suka ƙare babu magaji. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa humusi ne a kansa. Ana fitarwa nan take, ko ya kai nisabi ko bai kai ba: wanda ya sami giram 100 zai ba da giram 20. Sai fa idan fitar da shi daga ƙasa ya ci kuɗi mai yawa ko aiki mai tsanani, to sai a koma ga zakka, kamar yadda Shehu Halil ya ambata a cikin Muhtasar. Sauran kashi huɗun kuwa na mai ƙasar ne. Wanda ya shiga gonar wani da dare yana zaga na'ura, ko da tukunyar mutanen farko ya tono, ba tasa ba ce. Mai tsintuwa yana cin sauran ne idan ƙasar ba ta da mai ita.

Sau da yawa a nan ƙafa ke zamewa. Kowa ya tono abu a kufai sai ya ce rikazi ne, domin ya ji an ce a ba da ɗaya a riƙe huɗu. Alhali kuwa abin da musulmi ya binne, ko wanda ba musulmi ba amma dukiyarsa tana da alfarma, tsintuwa ne, ba rikazi ba. Musulunci ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Masallacin Agadas tun farkon ƙarni na 16 yake tsaye. Mutanen da suka binne kayansu suka gudu lokacin yaƙe-yaƙen Gobir da Katsina a ƙarni na 19, jikokinsu suna nan tare da mu a sahu ɗaya. Tsohon garin Maraɗi da ruwa ya ci a 1945, aka tashi aka koma kan tudu, abin da ke kwance a ƙarƙashinsa kayan kakannin mutanen da kuke gaisawa da su ne kullum. Kuma idan zamani ya yi nisa har aka ɗebe tsammanin sanin masu dukiyar musulmi ko magadansu, wasu daga malamanmu sun ce makomarta baitulmali ne, a yi wa jama'a aiki da ita.

Kaburbura kuwa, ku ji tsoron Allah a kansu. Kabarin musulmi haramun ne a tone shi don neman dukiya, kuma ya zo daga Nana A'isha (R.A.) cewa zunubin karya ƙashin mamaci kamar na karya shi ne yana da rai. Ko kabarin mutumin jahiliyya, Imamu Malik ya karhanta tona shi don neman abin da ke ciki. Mun ga abin da kwaɗayi ya yi wa tsoffin maƙabartun Bura a yammacin ƙasar nan cikin shekarun 1990, inda aka farfasa wuraren aka kwashe tukwane da mutum-mutumin yumɓu aka sayar wa dillalan waje. Hukuma ta kafa dokar kare kayan tarihi a 1997, kuma wanda ya ci karo da kayan mutanen da, hanyarsa ita ce ya sanar da mai gari da hukuma. A Ingila, inda neman ƙarfe da na'ura ya yawaita, dokarsu ta 1996 ta tilasta wa wanda ya tono tsohuwar taska ya kai rahoto cikin kwana 14. A 2009 wani mutum ya tono kimanin kilo 5 na zinariyar mutanen da a wata gona a yankin Istafodshaya. Bai narkar ba, ya kai rahoto, aka yi mata ƙima fiye da fam miliyan 3, aka raba kuɗin tsakaninsa da mai gonar. Da ya kai ta maƙera, da bai sami ko kusa da haka ba. Sa'an nan ina gargaɗinku da bokayen da ke cewa taska tana da aljani mai gadi, sai an yanka baƙin bunsuru ko jan zakara kafin ta fito. Yanka ga wanin Allah shirka ne, kuma wanda ya san inda taska take ba zai zauna yana jiran jikar sadakarka ba.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi yawa, wato zobe da ɗan kunne da sarƙar da ake tonowa inda mutane ke kai da kawo. Wannan ita ce tsintuwa, wadda littattafan fiƙihu ke kira luƙaɗa. Ya zo a cikin hadisin Amru ɗan Shu'aibu, wanda Abu Dawuda da Nasa'i suka fitar, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya rarrabe tsakanin abin da aka samu a hanyar da ake bi ko garin da ake zaune, wanda ya ce a yi cigiyarsa shekara, da abin da aka samu a tsohon kangon mutanen farko, wanda ya ce a fitar da humusi. Filin idi ba kangon mutanen farko ba ne. Yashi ya rufe zoben da taƙi ɗaya ko biyu, wannan bai fitar da shi daga mulkin mai shi ba.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Zaidu ɗan Halid Aljuhani (R.A.) cewa an tambayi Manzon Allah (S.A.W.) game da tsintuwar zinariya da azurfa, sai ya umarci mai tambayar ya lura da jakar da take ciki da igiyar da aka ɗaure ta da ita, sa'an nan ya yi cigiya shekara guda. In ba a sami mai ita ba ya amfana da ita, amma tana nan matsayin ajiya a wuyansa, duk ranar da mai ita ya bayyana ya mayar masa. Ubayyu ɗan Ka'ab (R.A.) ya tsinci jaka mai dinari 100, abin da ya kai kimanin giram 425 a awon yau, kuma Annabi (S.A.W.) ya yi ta mayar da shi yana cigiya kafin ya ba shi izinin amfana da ita, bayan ya umarce shi ya kiyaye adadinta da jakarta da maɗaurinta.

Ku lura da kyau, ya ku bayin Allah. Umarnin farko da Annabi (S.A.W.) ya bayar shi ne a kiyaye alama, domin da alama ne mai kaya zai karɓi kayansa. A mazhabarmu, wanda ya zo ya siffanta tsintuwa daidai ana ba shi ba tare da an nemi shaidu ba. To, mece ce jakar ɗan kunne, mene ne maɗaurinsa? Siffarsa ce: zanen da ke jikinsa, da nauyinsa, da inda ya taɓa karyewa aka liƙe, da maƙullin da ya lanƙwashe, da lambar da aka buga a bayansa. Wanda ya jefa shi cikin wuta ya ƙone hujjar mai shi da hannunsa. Bayan narkarwa, ko matar ta zo tana kuka ta siffanta shi tun daga sama har ƙasa, da me za a gwada maganarta? Saboda haka narkar da tsintuwa kafin cikar shekarar cigiya cin amana ne, kuma shaida ce a kan mai yin ta cewa tun ranar da ya ɗauka ya yi niyyar cinyewa. Malamanmu sun ce wanda ya ɗauki tsintuwa da wannan niyya lamuni ya hau kansa kamar mai ƙwace, ko da daga baya sace ta aka yi a hannunsa. Wanda kuwa ya ɗauka don ya ajiye wa mai ita, in ta salwanta ba da sakacinsa ba, babu komai a kansa, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya bayyana a cikin Risala. Kuma wanda ya san ransa ba zai iya riƙe amana ba, haramun ne gare shi ya ɗauka tun farko. Ina ga wanda ya sayi na'ura takanas, ya fita da asuba neman kayan da mutane suka yar, babu ko tunanin mayarwa a zuciyarsa?

Wani zai ce ai ɗan kunne ƙwaya ɗaya ƙaramin abu ne, kuma malamai sun yi rangwame a kan ƙaramin abu. Gaskiya ne sun yi rangwame a kan abin da mai shi ba ya waiwayarsa, kamar dabino ɗaya ko sanda ko guntun igiya. Amma ku yi lissafi. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malik rubu'in dinari ne, wato giram 1 da ɗan ɗoriya. Ɗan kunne mai giram 2 ya kusa ninka abin da ake ɗaura aure da shi. Kun kuma san matsayin zinariya a wurin matanmu: ita ce asusunsu. Wata sadakinta ne, wata gadon uwarta ne, wata shekara biyar ta yi tana zubin adashi. Ita ake sayarwa ranar da yaro ya kwanta a gidan likita, ko ranar da rumbu ya ƙare damina ba ta kai ba. Wata ma aro ta yi don zuwa biki, ta komo babu, aka yi ta zarginta, zumunta ta lalace a kai. Kai kana murna tsuntsu ya faɗo daga sama gasasshe, ita tana can shekara uku tana zubar da hawaye duk ranar da ta tuna.

Wani kuma zai ce, ni na sayi na'ura da kuɗina, ni na sha rana, da ban tono ba da har abada ba ta gani. Wahalar da ka sha ba ta mayar da dukiyar wani taka. In mai kayan ya yi alkawarin tukuici ga wanda ya samo masa, ka karɓa halal ne. In mutum ya yar da zobensa ya kira ka da na'urarka ku yi jinga ka nemo masa, wannan sana'a ce mai tsarki, kuma da masu na'ura za su riƙe ta da sun ci abinci da addu'ar mutane.

Cigiya kuwa ana yin ta inda ake zaton mai kaya zai nema: a wurin da aka tsinta, da kasuwa, da ƙofar masallaci bayan an sallame. A ƙofa, ba a ciki ba, domin Muslim ya ruwaito hani mai tsanani a kan cigiyar ɓataccen abu cikin masallaci. A yau ga mai shela, ga gidajen rediyo, ga salula a hannun kowa. Sai dai kada a siffanta kayan, kada kuma a ɗauki hotonsa a watsa, domin wanda ya watsa hoto ya koya wa maƙaryata amsa. A ce an tsinci wani abu a wuri kaza, mai shi ya zo ya faɗi siffarsa. Yana da kyau kuma a kafa shaidu tun ranar tsintuwar, kamar yadda ya zo a hadisin Iyad ɗan Himar (R.A.), don kada Shaiɗan ya canza wa mutum zuciya, kada kuma ya mutu magada su raba. In shekara ta cika ba a sami mai kaya ba, mai tsintuwa yana da zaɓi: ya ci gaba da ajiya, ko ya yi sadaka da shi a madadin mai shi, ko ya mallaka. A sadakar da mallakar duka, in mai kaya ya bayyana bai yafe ba, sai an biya shi. A nan ne narkarwa ke halatta, da sharaɗin ya rubuta siffa da nauyi kafin a sa wuta. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce tsintacciyar mage ba ta mage.

Ku tuna da labarin da Buhari da Muslim suka kawo na wasu mutum biyu daga al'ummomin da suka gabata. Ɗaya ya sayi fili daga ɗayan, sai ya tarar da tulun zinariya a ciki. Ya ɗauka ya kai wa mai sayarwa, yana cewa ƙasa ya saya ba zinariya ba. Mai sayarwa ya ƙi karɓa, yana cewa ya sayar da ƙasar da abin da ke cikinta. Wanda suka kai wa ƙara ya tambaye su ko suna da ƴaƴa, aka tarar ɗaya yana da namiji ɗaya yana da mace, sai ya ce a aurar da su ga juna, a ciyar da su daga dukiyar, a kuma yi sadaka. Kowannensu tura wa ɗan'uwansa yake yi. A yau da alƙali zai ga irin wannan ƙara, da ya zaci mafarki yake.

Game da narkarwar kanta, akwai abin da ya kamata a sani. Zinariyar ado ba tsantsa ba ce, ana gauraya ta da jan ƙarfe da azurfa don ta yi ƙwari. Tsantsa ita ce karat 24. Wadda aka buga wa lamba 916 karat 22 ce, mai 875 karat 21, mai 750 karat 18, ma'ana kashi 750 cikin 1000 ne kawai zinariya. Zinariya tsantsa tana narkewa a daraja 1064 ta ma'aunin zafi, amma narkewa kaɗai ba ta raba ta da abin da aka gauraya mata. Wanda ya narkar da giram 100 na karat 18 ya zuba shi dunƙule, giram 75 ne zinariyarsa, sauran 25 suna nan ciki. Masu tacewa sukan ƙara mata azurfa har zinariyar ta koma kimanin rubu'i, sa'an nan su dafa ta cikin ruwan asid mai cinye azurfa da jan ƙarfe ya bar zinariya kamar gari a ƙasan tukunya. Allah Ya buga misali da wannan aiki a cikin Suratur Ra'adi, aya ta 17, inda Ya kwatanta ƙarya da kumfar da ke tasowa bisa abin da ake hura wa wuta don neman ado, kumfar ta tafi a banza, mai amfani ya zauna. Asid yana fitar da jan ƙarfe daga zinariya, amma haƙƙin mai ita babu ruwan da ke narkar da shi. Kuma mai narkarwa ya lalata aikin maƙerin da ya ƙera ta, shi ya sa malamanmu suka ce wanda ya ƙwace kayan ado ya lalata, ƙimarsa a ƙere zai biya, ba nauyin zinariyar kaɗai ba.

Jan hayaƙin da ke tashi daga wannan asid guba ne ga huhu, kuma yakan yi sa'o'i kafin cutarsa ta bayyana. Haka turirin zaiba da masu haƙa ke ƙonawa don raba ta da zinariya, yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda, yana kuma isa ga ɗan da ke cikin ciki. Ba ya halatta mutum ya yi wannan aiki a tsakar gida inda mata ke girki yara na wasa. A 2010, a Zamfara ta Najeriya, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma da ke cikin dutsen zinariyar da iyayensu ke niƙawa a cikin gidaje. A nan gida ma, a watan Nuwamba na 2021, rami ya rufta da masu haƙa a Garin Liman cikin yankin Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu. Rai amana ne, naka da na iyalinka.

Ya ku maƙera da dillalan zinariya, kalmar "tsinta na yi" ta zama rigar da kowane ɓarawo ke sawa. Kun san halin da ƙauyukan kudancin Maraɗi suka shiga da ƴan bindiga, kun san ana tuɓe wa mata kayansu. Wanda ya zo muku da ɗan kunne ƙwaya ɗaya da tsinkakkiyar sarƙa da zobban da ba girmansu ɗaya ba, yana gaggawar a narkar, alamar ta ishe ku. Ku tambaye shi inda ya samu da ko ya yi cigiya, ku rubuta sunansa da siffar kayan. Wanda ya saya yana sane, ko ya narkar yana sane, ya yi tarayya cikin zunubi da lamuni, kuma abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Sa'an nan ko da zinariyar halal ce tsarkakakka, akwai ramin riba a bakin sikeli. Zinariya da zinariya ba a musanya su sai nauyi daidai da nauyi, hannu da hannu. Muslim ya ruwaito cewa Fadala ɗan Ubaid (R.A.) ya sayi sarƙa ranar Haibar a kan dinari 12, akwai zinariya da duwatsun ado a jikinta. Da ya rarrabe ya tarar zinariyar ta fi dinari 12, ya faɗa wa Annabi (S.A.W.), sai ya hana sayar da irinta sai an rarrabe. A cikin Muwaɗɗa kuma wani maƙeri ya tambayi Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ko zai sayar da abin da ya ƙera da zinariyar da ta fi shi nauyi don ya fitar da ladar aikinsa. Ya hana shi, maƙerin ya yi ta binsa yana maimaita tambayar, shi kuwa bai sauya amsa ba. Saboda haka mai ba da tsohuwar zinariya a ba shi sabuwa ya cika kuɗi, ya bar wannan. Ya sayar da tsohuwar ya karɓi kuɗinsa, sa'an nan ya sayi sabuwar. Wanda ya ba maƙeri zinariyarsa ya tace masa ita ya biya shi lada da kuɗi, babu laifi, in dai ita ɗin ce aka mayar masa. Sayar da zinariya da kuɗin sefa ma sai a karɓa a wurin cinikin, domin malaman zamani sun ba kuɗin takarda hukuncin zinariya da azurfa a wannan babi. Cinikin nan na "ba ni a kan farashi kaza, in na komo daga Dubai in biya ka" bai halatta ba. In ana so, a naɗa mai tafiyar wakili ya sayar a can a biya shi ladarsa. Sayar da dunƙulen karat 18 da sunan karat 21 kuwa algus ne, kuma kun san Annabi (S.A.W.) ya barranta daga mai yi wa musulmi algus.

Zakka ma tana sauyawa da narkarwa. A mazhabar Malik kayan adon da mace ke sawa babu zakka a kansu. Amma ranar da aka narkar da su suka koma dunƙule, sun zama dukiyar ajiya, kuma namiji ba shi da uzurin ado tun asali, tun da an haramta masa sa zinariya. Nisabi dinari 20 ne, kimanin giram 85 na tsantsa. In ya kai haka shekara ta kewayo, ɗaya cikin arba'in ya wajaba: mai giram 200 zai fitar da giram 5 ko ƙimarsu, kowace shekara. Giram 100 na karat 21 yana ɗauke da giram 87 da rabi, ya kai nisabi, amma giram 100 na karat 18 bai kai ba sai in an haɗa shi da kuɗin da mutum ke da su. Allah Ya yi wa masu taskace zinariya da azurfa ba su fitar da haƙƙinta alkawarin azaba a cikin Suratut Tauba, aya ta 34 da 35, cewa za a zafafa ta a wutar Jahannama a lalace goshinsu da haƙarƙarinsu da bayansu da ita. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da maƙeri lokacin da ake zuba narkakkiyar zinariya ya fi kowa fahimtar wannan aya.

Saura wanda ya riga ya narkar, ya sayar, ya ci. Ƙofar tuba a buɗe take, amma haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Ya zauna ya tuna abin da ya tsinta, da wurin, da lokacin, da siffar da nauyin gwargwadon iyawarsa, in ya manta ya koma wurin maƙerin da ya auna masa. Ya yi cigiyar da bai yi ba tun farko, a garin da ya tsinta, ko da ta bakin liman ko wani amintacce in yana jin kunya. Wanda ya zo ya faɗi siffar da ta dace da abin da ya tuna, ya biya shi ƙimar kayan a ƙere, ko ya roƙe shi yafewa bayan ya faɗa masa gaskiyar abin da ya kai. In shekara ta wuce ba wanda ya zo, ya yi sadaka da ƙimar da niyyar ladar ta isa ga mai kayan. In ba shi da halin biya a yanzu, bashi ne a kansa: ya rubuta a takarda, ya sa shaidu biyu, ya sanar da iyalinsa, domin in ajali ya riske shi a fitar da shi daga dukiyarsa kafin a raba gado.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.